Dodon Hoto ko Faifan Ajiya: Wanne Zai Kai Hotunanka Hannun Jikoki?

Duk wanda ya nuna mini hotunan 'ya'yansa a waya, nakan tambaye shi: in wayar nan ta faɗa ruwa yau da daddare, ina hotunan suke gobe da safe? Yawanci sai mutum ya yi ɗan shiru, sannan ya ce yana kyautata zaton suna intanet. Ni kuwa akwai wata ambulan da mahaifina ya bari, cike da dodon hoto, wato nagatif, waɗanda aka ɗauka tun ba a haife ni ba. Babu wanda ya taɓa kula da ita. Ta yi shekaru a ƙasan akwati, an manta ma da zamanta. Ranar da na zaro ɗaya na ɗaga shi saitin taga, sai ga fuskoki sun bayyana, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, amma ana gane tsayuwar kowa.

Wannan ambulan ce ta sa na daina ganin fim ɗin kyamara, wanda dodon hoto ke fitowa daga gare shi, a matsayin kayan da zamani ya wuce. Amma ba ta sa na yarda cewa fim ya fi dijital ba, kamar yadda wasu masoyansa ke faɗa da ƙarfi. Abin da na fahimta shi ne abu biyu ke cinye hotuna, kuma ba hanyarsu ɗaya ba. Akwai sakaci, wato a ajiye abu a manta da shi shekara ashirin ko talatin. Akwai kuma tsautsayi: gobara, ambaliya, ɓarawo. Fim yana jure sakaci, tsautsayi kuwa sau ɗaya yake gamawa da shi. Dijital yana iya tsallake tsautsayi ko wane iri ne, amma sakaci na 'yan shekaru ya isa ya kashe shi. Kafin ka zaɓa, sai ka san wanne daga cikin biyun ya fi kusa da ƙofarka.

Bari mu fara da juriyar fim, domin shaidunta suna da yawa kuma suna da ban mamaki. A shekarar 2013, masu gyaran bukkar da Kyaftin Scott, ɗan Birtaniya mai binciken ƙasa, ya gina a Cape Evans, can yankin Antaktika, sun tsinci wani ɗan akwati da dodon hoto 22 manne da juna. Wani ayarin masu bincike da ake kira Ross Sea ne suka bar su, mutanen da suka maƙale a wurin tsakanin 1915 da 1917. Kusan shekara ɗari ba wanda ya taɓa su, amma da aka raba su a hankali sai hotuna suka fito: jirgin ruwa, duwatsun ƙanƙara, mutum tsaye a kan jirgi. Haka nan wasu ƙananan akwatuna uku da suka ɓace tun 1939, ɗauke da dodon hoto wajen 4,500 na yaƙin basasar Sifen waɗanda Robert Capa da Gerda Taro da David Seymour suka ɗauka, sun ɓulla a Meziko, aka kai su Niyok a ƙarshen 2007. A shekarar 2007 ɗin ce kuma aka yi gwanjon kayan wata mai rainon yara a Chicago, Vivian Maier, aka tarar da dodon hoto fiye da dubu ɗari da ba wanda ya san da su. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe ɗakin ɗaukar hotonsa a 1948, bai yar da dodon hotunansa ba bayan ya rufe shago. Da duniya ta waiwayo shi a farkon shekarun 1990, daga waɗannan ne aka wanke manya-manyan hotunan da ake baje-kolinsu har yau.

Duk waɗannan labaran abu guda suke nunawa: ba wanda ya kwafa daga tsohuwar na'ura zuwa sabuwa, ba wanda ya riƙe kalmar sirri. An ajiye, an manta, an dawo an tarar. Dalili kuwa yana cikin yadda aka yi abin. Hoton fim na fari-da-baƙi ƙananan ƙwayoyin azurfa ne zaune a cikin jelatin, a shafe a kan leda mai haske. Hoton da kansa ne a wurin, ido yana ganinsa. Ba ya buƙatar manhaja ta fassara shi. Duk wanda ya samu haske da madubin ƙara girma zai karanta shi, kuma duk wata kyamara ko sikana da za a ƙera nan gaba za ta iya ɗaukarsa.

Sai dai fim ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne masu yabonsa ke yin gaggawa. Na farko-farko an yi shi ne da nitiret, wanda ke kama wuta kamar fetur kuma ruwa ba ya kashe ta cikin sauƙi. Sai a farkon shekarun 1950 aka daina yin sa. Wanda ya gaje shi, asitet, ba ya ci da wuta haka, amma yana da nasa ciwon. In ya sha zafi da laima sai ya fara ruɓewa daga ciki, ya riƙa fitar da wari mai tsami irin na binega, ya motse, ya lanƙwashe, kuma tururin da yake fitarwa yana hanzarta lalacewar na kusa da shi. Yawancin fim ɗin 35mm da iyalai suka yi amfani da shi na asitet ne. Wanda ya fi su ƙarko shi ne na foliyesta.

Sannan ga maganar kala. A fim mai kala, azurfar ana wanke ta ne ta fita, abin da ke saura rini ne hawa uku, kuma rini yana koɗewa ko da a cikin duhu. Ba kuma tare suke koɗewa ba, shi ya sa tsofaffin hotunan kala sukan rine su koma ja-ja ko ruwan ɗorawa. Kodachrome, wanda ya fito a 1935, shi ne ya yi suna wajen riƙe kalarsa in an ajiye shi a duhu, amma Kodak ta daina yin sa a 2009, kuma ɗakin wanki na ƙarshe da ke iya sarrafa shi, a garin Parsons na jihar Kansas, ya daina karɓa a ƙarshen 2010. Wanda ya tsinci nasa da bai wanke ba a yau, ba zai samu kalar ba. Akwai darasi a nan ga mai ɗauka da fim: fim ɗin da ba a wanke ba bai zama ajiya ba tukuna. In ka gama ɗauka, kai shi wanki, kada ka bar shi shekaru a aljihun tebur.

Maganin yawancin waɗannan matsaloli sanyi ne da bushewa. Dodon Antaktika sanyi ne ya cece su. Shi ya sa aka kwashe taskar Bettmann, mai hotuna miliyan 11, aka kai ta wani tsohon ramin haƙar dutse a ƙarƙashin ƙasa a Pennsylvania, inda ake riƙe ta cikin sanyi. Kai da ba ka da rami, abin da za ka iya shi ne ka nemi wuri mafi sanyi da bushewa a cikin gida, nesa da rufin da rana ke duka da bangon da ke tsatsafo. Laima tsakanin kashi 30 da 40 cikin ɗari ita ake so. In ta daɗe sama da 65, fumfuna za ta fara cin jelatin, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Ka sa dodon a rigar leda ta foliyesta ko folifirofilin ko takardar da ba ta da asid. Ka guji ledar PVC mai laushi da warin roba. Ka riƙe su ta gefe, domin zanen yatsa yana zama a jiki.

Yanzu ga babban raunin fim. Jacques Lowe shi ne mai ɗaukar hoton tsohon shugaban Amurka John Kennedy da iyalinsa, kuma ya san darajar abin da yake hannunsa. Ya ɗauki dodon hoto wajen dubu 40 ya kulle a taskar banki, a ɗaya daga cikin gine-ginen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a Niyok. Ranar 11 ga Satumba 2001 duk suka zama toka. Abin da ya tsira shi ne ƙananan samfuran hotunan da waɗanda aka riga aka wanke, domin su suna wani wurin daban. Mutumin nan bai yi sakaci ba ko kaɗan. Ya yi iyakar abin da mai hankali zai yi. Matsalar ita ce dodon hoto guda ɗaya ne tak a duniya, kuma abu ɗaya ba ya zama a wuri biyu. Ana iya kwafarsa zuwa wani fim, amma kowane kwafi yana rage kaifi, kuma aiki ne da ba kowa zai iya ba.

A nan dijital ya yi wa fim fintinkau. Kwafin fayil daidai yake da asalinsa, ba ragi ba ƙari, ko sau dubu aka kwafa. Kana iya ajiye ɗaya a ɗakinka, ɗaya a gidan ɗan'uwanka, ɗaya a wata nahiya, cikin dare ɗaya. Gobarar da za ta cinye ukun a lokaci guda ba ta da sauƙin faruwa. Amma ka lura da sharaɗin: sai ka yi kwafin. Hoton da yake cikin waya kaɗai bai fi dodon Lowe tsaro ba, ya ma fi shi shiga haɗari, tunda shi yawo yake yi a aljihu.

Kuma abin da ake zuba fayil ɗin a ciki ba mai tsawon rai ba ne. Faifan ajiya na kwamfuta yana da faranti masu juyawa da allura mai shawagi a kansu. Faɗuwa ɗaya daga kan tebur tana iya gamawa da shi. Kamfanin ajiyar bayanai na Backblaze, wanda ke wallafa alƙaluman dubban ɗaruruwan faifansa, yana ganin kusan ɗaya zuwa biyu cikin ɗari suna mutuwa kowace shekara, a ɗakunan da ake lura da su dare da rana. Filash da memori da SSD ba su da abin juyawa, amma suna riƙe bayani ne da ɗan cajin lantarki a cikin ƙananan ɗakuna, kuma cajin yana zurarewa sannu a hankali in an bar su shekaru ba a jona ba, musamman a wuri mai zafi. Sun dace da ɗauko hoto daga nan zuwa can, ba su dace da a jefa a akwati a manta ba. Faifan CD da DVD da aka ƙona a gida kuwa rini ne a jikinsu, shi ma yana lalacewa, ga shi sababbin kwamfutoci da yawa ba su da ma inda za a zura su.

Wannan na ƙarshen, ɓacewar na'urar karantawa, shi ne mutane suka fi rainawa. A 1986 BBC ta tattara hotuna da rubuce-rubucen rayuwar Birtaniya a kan faifan LaserDisc, don cikar shekara 900 da rubuta kundin Domesday na 1086, wato kundin ƙidayar filaye da dukiyar Ingila. Kafin 2002 na'urorin da ke iya buɗe faifan sun kusa ƙarewa, sai da masana suka yi aiki tuƙuru kafin su ceto abin da ke ciki. Kundin asali, na fata da tawada, yana nan ana karanta shi.

To ma'ajiyar intanet fa? Ina amfani da ita kuma ina ba da shawarar a yi, domin ita ce hanya mafi sauƙi ta samun kwafi a nesa. Amma kayan aro ba ya rufe katara. Ɗaki ne na haya, mai gida ke da ikon sauya sharaɗi. Flickr, wadda ta taɓa ba kowa terabayit ɗaya kyauta, ta rage asusun kyauta zuwa hoto 1,000 a 2019. A shekarar ce MySpace, wata kafar sada zumunta, ta amsa cewa ta yi asarar waƙoƙi da hotuna da bidiyon da mutane suka ɗora tsawon shekaru, wajen sauya na'urorinta. Google Photos ta daina ajiya mara iyaka kyauta ranar 1 ga Yuni 2021, kuma daga Disamba 2023 Google na iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Ka tsaya ka yi tunanin wannan shekara biyun. Mutum ya rasu, iyalinsa suna cikin jimami, ba wanda ya san kalmar sirrinsa, katin da ake cirar kuɗin ajiya ya daina aiki. Ambulan ɗin mahaifina ta jira ni shekaru masu yawa. Asusu ba zai yi wannan jiran ba. Akwai mafita, kuma minti kaɗan take ɗauka: Google na da tsarin da za ka naɗa wanda za a miƙa wa bayananka in asusun ya daɗe shiru, Apple ma na da tsarin naɗa magaji. Mutane kaɗan ne ke buɗe su.

Wani kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne ɗaukar daidaitawa a matsayin ajiya. In wayarka tana daidaita hotuna da intanet, to madubi ne: ka goge a nan, ya goge a can. A iCloud, ma'ajiyar Apple, kwana 30 kake da su kafin abin da ka goge ya tafi gaba ɗaya. Yaro ya ɗauki waya ya latsa abin da bai sani ba, ko kai ka share don samun fili kana zaton akwai wani kwafin, in wata ya wuce shi ke nan. Hoton da aka turo ta WhatsApp ko aka ɗora a Facebook shi ma ba asali ba ne, an matse shi an rage masa nauyi. Yana da kyau a fuskar waya, amma ranar da ka so wanke shi babba za ka ga bambanci.

Tsarin da masu sana'a ke bi, wanda mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa, ana kiransa 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. A aikace, hotunan suna kwamfutarka, suna faifan ajiya na waje da kake cirewa bayan ka kwafa, suna kuma intanet ko wani faifan a gidan wani. Duk bayan shekara huɗu ko biyar ka sayi sabon faifai ka kwashe, ko da tsohon bai nuna alamar gajiya ba. Sau ɗaya a shekara ka buɗe ajiyar ka duba tsofaffin hotuna ko suna buɗewa, domin ajiyar da ba a taɓa gwadawa ba zato ce kawai. Game da nau'in fayil, JPEG da TIFF sun daɗe kuma kowace na'ura ta san su. Fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ke fitarwa ba a sarrafa ba, kowane kamfanin kyamara da nasa salon, don haka ka ajiye JPEG mai kyau kusa da shi, ko ka mayar da shi DNG, wanda salon RAW ne na bai-ɗaya. Wannan duk ba wuya ba ne. Wuyarsa ita ce ba ya ƙarewa, kuma ranar da ka daina, dole wani ya ɗauka daga inda ka tsaya.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda masu dijital da kansu ke gudu in suna son abu ya daɗe. Manyan kamfanonin fina-finai na Amurka sun daɗe suna raba kalar fim gida uku su buga kowace a kan fim fari-da-baƙi, don azurfa ta riƙe abin da rini ba zai riƙe ba. A 2020 GitHub, ma'ajiyar masu rubuta manhaja, ta ɗauki terabayit 21 na lambobin manhaja ta buga su a kan nadin fim 186, ta kai su wani tsohon ramin kwal a tsibirin Svalbard na Norwe. Vint Cerf kuwa, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin intanet, ya yi gargaɗi a 2015 cewa zamaninmu na iya ɓacewa daga tarihi, ya kuma shawarci mutane su wanke hotunan da suka damu da su a kan takarda.

Shawararsa ita ce hanya ta uku, kuma ga yawancin mutane ta fi sayen kyamarar fim amfani. Hoton takarda ya gaji mafi girman alherin fim: ido ke karanta shi. Tawadar da ake kira figment ta fi ta rini daɗewa, kuma hoton da ke cikin albam a duhu ya fi wanda ke rataye a bango yana shan rana. In ka wanke kwafi biyu ka ba wa 'yar'uwarka ɗaya, ka toshe ƙofar tsautsayin ma.

Saboda haka ga yadda nake ganin zaɓin. In da waya kake ɗauka kuma kana da dubban hotuna, kada ka koma fim don neman tsaro. Ba zai ceci abin da ka riga ka ɗauka ba. Ka kafa kwafi uku a wannan makon, sannan kowace shekara ka zaɓi hoto talatin ko hamsin ka wanke. Zaɓen da kansa alheri ne ga magada, domin wanda aka bar wa hoto dubu sittin ba tare da tsari ba, ba zai duba su ba.

In kana da tsofaffin dodon hoto na gida, ka yi musu sikanin tun yau, ka fara da masu kala da duk wanda ya fara warin tsami, ka kuma ware mai warin daga sauran. Dodon 35mm da aka ɗauka a kan ɗigo 4,000 a inci yana ba da wajen megafiksel 21, wanda ya wadatar. Bayan sikanin kada ka zubar da dodon. Na ga mutane suna karɓar fayil daga ɗakin wanki su bar dodon a can, wannan kuwa yar da uwa ne a riƙe 'ya. Sikana na shekara goma masu zuwa zai fi na yau, kuma dodon ne kaɗai zai ba shi abin karantawa.

In kuma sha'awar ɗauka da fim kake yi, ka yi da zuciya ɗaya, ba a makara ba. Kodak ta dawo da fim ɗin Ektachrome a 2018, Leica ta sake ƙera kyamarar M6 a 2022, Pentax ta fitar da sabuwar kyamarar fim a 2024, Ilford kuma ba ta daina yin fari-da-baƙi ba. Ka sani dai fim yana cin kuɗi a kowane latsi, dijital kuwa yana cin kuɗi da kulawa a kowace shekara. Nadi ɗaya yawanci hoto 36 ne, kuma wannan ƙarancin yana koya wa mutum tsayawa ya duba kafin ya latsa. Ni abin da nake yi shi ne nadi biyu ko uku na fari-da-baƙi a shekara, na fuskokin mutanen gida kawai, in wanke, in yi sikanin, fayil ya shiga kwafi uku, dodon ya shiga akwati. Ta haka kowane hoto yana da abin da zai jure mantuwata da abin da zai tsallake gobara.

Ko wacce hanya ka bi, ka rubuta suna da shekara da wuri: da fensir mai laushi a bayan hoton takarda, a jikin rigar dodon, a sunan jakar fayil. A cikin ambulan ɗin mahaifina akwai wata mata zaune riƙe da jariri, hoton ya fito tas, har zanen mayafinta ana gani. Na nuna wa duk manyan da suka rage a danginmu, ba wanda ya iya faɗa mini ko wace ce, ko kuma wane ne jaririn.